Kifi Yana Ji

"Riƙe ni da kyau, Kafinta, ba katako ka ɗauko ba."

Haka Mairediyo ya ce min, ƙafarsa ɗaya a cikin kwale-kwale ɗaya a cikin laka, ni kuma na rungumo ƙugunsa ta baya ina nishi. Da katako ne ai da na huta, katako ba ya gardama. Ƙafafun nan nasa sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, sai da na tsaga masa madaurin da wuƙa tun a mota. Mai ba da hayar kwale-kwalen yana tsaye yana kallonmu. Ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi, ya haɗiye abarsa.

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Shi gyaran rediyo ya yi har idonsa ya gaza, ni kuma ina nan da zarto da guduma har gobe. Kowace Asabar, in ba ruwan sama ko rashin lafiya ba, muna kan tafkin nan muna fatsar karfasa, 'yan ƙananan nan da ba su wuce tafin hannu ba. Mutanen layinmu suna yi mana dariya, wai tsofaffi biyu su ƙone mai su ƙone rana saboda kifin da bai isa kyanwa ba. Ko a jikinmu.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. Wata takwas bai taka ƙofar gida ba. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, yana can wani gefen gari, yana zuwa ranar Lahadi da mota mai sanyi ya zazzage dokoki ya tafi. Ba gishiri, ba shayi, ba fita. Autarsa ce ke zaune da shi tana jinya, ita ce mai bin dokokin. Ni kuwa ta taga muke gaisawa, don tagar ɗakinsa tana kallon rumfar da nake aiki. Ta nan ya dame ni, kullum magana ɗaya.

"Ka fitar da ni ko sau ɗaya. Auta tana kasuwa ranar Asabar har azahar. Mu je mu dawo, wa zai sani?"

"In ka faɗi a ruwa fa?"

"Sai ka ce kifi ne ya ja ni. Wa zai yarda, da irin kifin da muke kamawa?"

Sati uku ina ƙi. A na huɗu na tsayar da akori-kurata a ƙofarsa, na ɗauko shi.

Da na samu ya zauna, na jingina masa bargo a baya, na ɗauki filafili na tura mu. Wurinmu ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya sani. Kana tuƙi har sai turken wutar lantarki na tsallake ya rufe tankin ruwan da ke bayansa, sai ka tsaya gefen ganyen bado ka saki dutsen da ke riƙe kwale-kwale. A nan karfasa suke kwana. Shi ya gano wurin, kuma bai taɓa barin na manta da hakan ba.

Dokar wurin ma tasa ce: ba a magana a kan ruwa. Shekara arba'in yana cikin shago rediyo goma na kuka a kansa, ya ce Asabar ta kunnensa ce. Da ka motsa baki zai ɗaga hannu ko kallonka bai yi ba, ya ce, "Kifi yana ji. In mun fita." Na sha wannan hannun har ban san iyaka ba, kuma yawanci dariya nake yi. Sau ɗaya ne ban yi dariya ba.

Shekara tara ke nan. Ranar wata Alhamis likita ya ja ni gefe ya ce ciwon da ke cikin mai ɗakina ya ci ƙarfin magani, in kai ta gida in kyautata mata. Ban faɗa mata ba, ban faɗa wa yara ba. Kwana biyu ina yawo da maganar nan a ƙirji kamar na haɗiyi dutse. Ranar Asabar na ce to, ga wanda zan faɗa wa. Muna tsakiyar ruwa na ce, "Mairediyo, shekaranjiya likita ya ce min..." Hannun nan ya tashi. "Kifi yana ji. In mun fita." Muka fita. Ranar ya cika bokiti, yana ta nuna wa mutanen bakin tafki, yana tsokanata wai ni kifi na zo ciyarwa da tana. Bai tambaye ni ba. A mota ma bai tambaya ba. Bayan wata huɗu ta rasu, ya yi min duk abin da maƙwabci ke yi har da ƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma maganar da ya datse a bakina bai taɓa komawa kanta ba, ni ma ban tayar ba. Na dai adana abata. Ni mutum ne mai riƙo, na sani, mai ɗakina ma ta sha faɗa min.

To ranar da na sato shi ɗin, hannunsa rawa yake yi, ya kasa soka tana a ƙugiya. Sau uku tana sulle masa. Na karɓa na soka masa, ya kawar da kai wai yana duban sama. Ya jefa. Ba a jima ba 'yar totuwar da ke ɗaure a zarensa tana yawo a kan ruwa ta yi rawa, ta nutse, ya fizgo. Karfasa ce, ta yi ta wutsil-wutsil a iska, ruwa na fallatsa masa a fuska. Na ga haƙoransa, rabon da in gan su tun kafin ya kwanta. Ya kama biyar ni ina da biyu, yana ɗaga min yatsu yana lissafa min, ɗan banzan tsoho.

Wajen hantsi ya ajiye sandarsa a cinya. Numfashinsa yana fita da wata 'yar ƙara. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Kafinta."

Na ɗago. Shi ne fa ya yi magana a kan ruwa.

"Ka tuna wata Asabar, shekarar da uwar yaranka ta rasu? A nan wurin. Ka fara ce min likita ya ce..." Ya tsaya ya ja iska. "Wata takwas ina kwance ina kallon silin, babu ranar da ban..."

Wallahi na san inda ya dosa. Na sani sarai. Shekara tara ina jiran wannan maganar, har na fid da rai. Kuma da ta zo, maimakon zuciyata ta yi sanyi sai ta tafasa. Ashe ya sani. Ashe duk shekarun nan yana tune, ya bar ni da ita. Sai na ji hannuna ya tashi da kansa, ban ko kalle shi ba, idona na kan totuwa.

"Kifi yana ji," na ce. "In mun fita."

Can ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa. Ba nufina in hana shi har abada ba ne, Allah ya sani. Awa ɗaya kawai nake so ya ɗanɗana, ya ji yadda magana take komawa ciki da zafinta. Na ce a raina rama cuta ga macuci ibada ne, in mun hau mota sai in bar shi ya ƙarasa, in ce masa ya wuce, mu yi dariya. Har na shirya yadda zan tsokane shi. Bai sake kama ko ɗaya ba, ni kuma na kama huɗu a jere, na ji daɗin hakan ma, abin kunya.

Tun daga nesa na hango farar motar a bakin tafki, kusa da akori-kurata. Ashe Auta ta manta jakarta ta dawo gida da wuri, ta tarar da gado babu kowa. Injiniya yana tsaye a kan laka da takalminsa mai sheƙi, hannu a ƙugu. Bai bari kwale-kwalen ya gama tsayawa ba ya shigo ruwa har gwiwa.

"Baba Kafinta, kashe shi za ka yi?"

"Ka tambaye shi wa ya ce a zo."

"Ba shi nake tambaya ba, shi marar lafiya ne. Kai fa? Da girmanka da furfurarka?"

Yaron da na sassaƙa wa gadon jarirai da hannuna. Na buɗe baki in wanke shi tas, sai na ga uban ya yi fari, leɓensa ya canza launi, yana neman iska. Injiniya da mai kwale-kwale suka ciccibe shi zuwa mota. Yana waiwayena ta kan kafaɗar ɗansa, yana cewa, "Ku tsaya, ban gama da Kafinta ba." Ɗan ya ce, "Ka gama, Baba." Ya rufe ƙofar mota. Aka bar ni da bokiti da kifi goma sha ɗaya.

Da yamma na ɗauki nasa biyar ɗin na je ƙofar gidan. Auta ta leƙo, idonta ya yi ja.

"Baba, ka yi haƙuri. Yaya ya ce kada ka sake shigowa."

"Ni? Gidan nan?"

"Ya ce ko ka zo in ce yana barci."

"Barcin yake yi?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

Na miƙa mata kifin, ta ce ba ya cikin abin da likita ya yarda. Na dawo da su, na zuba wa kyanwar layi. Na zagaya rumfata na duba tagarsa, an ja labule. Washegari na ga an fito da katifa ana shanyawa, ashe sun mayar da shi ɗakin ciki, can ƙarshen lungu, wanda tagarsa ke kallon bayan gida. Wayarsa kuwa tana hannun Auta.

Sai na hau dokin zuciya. Na ce in dai sai na roƙi wannan yaron kafin in ga abokina, to a bar shi. Shi Injiniyan da ke zuwa sau ɗaya a sati, awa biyu, rabinsu yana waya a tsakar gida, shi ne ya san darajar uban? Sun kulle mutum wata takwas suna kiran abin kulawa. Kwana huɗu ina wannan faɗan ni kaɗai, ina huce haushina a kan katako. A na biyar, da yake jikin uban ya sa ya daina jiran Lahadi, na haƙura na tare shi a bakin motarsa. Na kira shi ɗana, na ce na yi kuskure, minti biyar kawai nake nema. Ban taɓa ƙasƙantar da kaina haka a gaban yaro ba.

Ya saurare ni har na gama, da ladabinsa mai ciwo, sannan ya ce, "Baba, ruwa ya taru masa a huhu tun ranar. In ya samu sauƙi za mu gani." Ya shiga mota ya ja gilashi.

Wani zai ce me ya hana ka ba Auta saƙo? Na gwada. Na tare ta tana zubar da shara na ce, "Ki ce masa na ce ya wuce." Ta ce, "Me ya wuce, Baba?" Sai na rasa ta inda zan faro. Magana ce ta shekara tara tsakanin tsofaffi biyu, ba a ba wa yarinya ita ta kai kamar ƙullin magani. Kuma ba ni kaɗai ke da abin faɗa ba, shi ma bai ƙarasa tasa ba, kuma ni na datse ta. Na ce mata ta bari, zan faɗa masa da bakina. Ina ganin akwai lokaci.

Ita ce ta tsaya, bokitin shara a hannu, ta ce, "Kullum sai ya tambaya ko ka shigo. Yaya ya ce mu ce masa ka yi tafiya."

"Tafiya ina?"

"Wurin 'yarka. To amma jiya da rana ya ji ƙarar zartonka." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce, ashe ya dawo. Tun daga nan bai sake tambaya ba."

Wato yana can kwance yana ji na ina yanka katako, taku ashirin tsakaninmu, yana zaton ni ne na ƙi zuwa. Yana zaton hannun da na ɗaga masa har yanzu bai sauka ba. Na ce, "Ki faɗa masa gaskiya, ki ce hana ni aka yi." Ta ce in ya ji haka zai tashi hankalinsa da Yaya, kuma likita ya ce ɓacin rai ne abin da ya fi hatsari. Ta roƙe ni don Allah in rufa mata asiri. Ita ma tsakiya aka saka ta, ban ga laifinta ba sosai. Daga ranar na rufe rumfata, ban sake taɓa zarto ba, kuma har yau ban san ko hakan ya gyara ko ya ƙara ɓatawa ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya, da misalin ƙarfe goma na safe, na ji kukan motar asibiti ya shigo layinmu ya tsaya. Ina tsakar gida ban motsa ba. Ba a yi minti biyar ba aka hau dukan ƙofata. Injiniya ne, ba takalmi, rigarsa a jiƙe da gumi.

"Baba, ka taimaka. Gadon ɗaukarsa ya ƙi shiga ɗakin, sun ce ba za a naɗe shi a ɗauko ba. Sai an cire ƙofar."

Na ɗauki sukundireba da guduma na bi shi.

Lungun siriri ne, gadon mai taya ya tokare bakin ɗakin. Kallo ɗaya na yi na ga matsalar, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: kaurin ƙofar ne ya cinye yatsa biyu. Ni na kafa ta shekara ashirin da suka wuce, hinji biyu ne ke riƙe da ita, kowanne da noti uku. Na raɓa na shiga. Ɗakin yana warin magani. Ma'aikatan asibiti biyu sun duƙa a kansa, Auta na riƙe da robar ƙarin ruwa, sun rufe shi ruf. Ƙafafunsa kawai na gani, da hannu ɗaya da ya zubo gefen gado. Ina jin numfashinsa, yana nan.

"Yi sauri, Baba," in ji ɗaya daga cikin ma'aikatan.

Na juya wa gadon baya na fuskanci ƙofa. An yi mata fenti ya kai sau uku, ya cike bakin notinan. Na kankare da bakin sukundireba, na ɗan buga da guduma, na murɗa. Na farko ya fito, na saka shi a baki kamar yadda nake yi tun ina ɗan koyo, don noti in ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan. Na biyu, na uku. Na durƙusa kan hinjin ƙasa. Zuciyata tana ce min juya ka yi masa magana, hannuna yana ce min kowace daƙiƙa tasa ce. Ban taɓa cire ƙofa da sauri irin na ranar ba. Na shida ya yi gardama, ya fito a karkace, ƙofar ta saki ta faɗo min a ƙirji.

Babu inda zan ajiye ta. Gado a nan, kabad a can, tukunyar iskar numfashi a gefe. Na rungume ta na ja baya na shige kusurwa, bayana a bango, ita a gabana, don gadon ya samu hanya. Na ji tayoyin sun shigo. Na ji ana cewa ɗaya, biyu, ɗaga. Sai na ji muryarsa, can ƙasa, ta cikin robar da suka rufe masa hanci da ita.

"Wa ke nan?"

"Mai gyaran ƙofa ne, Baba," in ji ma'aikacin, don bai san ni ba. "Kwanta."

Ga ni, taku ɗaya tsakaninmu, katako ne kawai. Hannuwana biyu suna riƙe da ƙofa, bakina cike da ƙarfe. Tofarwa kawai zan yi in ce ni ne, na ji, ya wuce. Abin da ko yaro zai yi. Amma leɓen da ya shekara arba'in da biyar yana koyon kada ya saki noti bai saki ba, sai wani gurnani da ya fito min ta hanci. Kafin hankalina ya iso bakina tayoyin sun haye dokin ƙofa, sun bi lungu, Injiniya yana cewa a hankali, a hankali. Aka buga ƙofar mota. Kukan ya tashi, ya fita layi, ya yi nisa.

Bai kai asibiti ba. Auta ce ta faɗa min daga baya, wai a danja ta biyu ya cika, hannunsa a cikin nata, bai sake cewa komai ba. Injiniya ya zo har gida bayan sati ya gode min da saurin da na yi. Na ce ba komai. Me zan ce masa?

Amma a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kowa ya bi motar, an bar gidan a buɗe. Na daɗe a kusurwar nan rungume da ita, sannan na ja ƙofar na jingina ta da kabad. Fanka tana ta juyawa. Na zauna a bakin gadon, zanin a yamutse, wurin da ya kwanta da sauran ɗumi. Na buɗe tafin hannuna na tofa notinan a ciki. Guda shida ne, a jiƙe, da ɓurɓushin fenti a jikinsu, babu wanda ya ɓace.